Kwamfutarmu da Ciwonta Mai Ɓuya

Kwamfutar da ta mutu murus ba ta cika wahalar gyara ba. Ka danna maɓalli ka ji shiru, ka san inda za ka fara dubawa. Mai wahalar ita ce wadda za ta yi aiki lafiya lau na awa uku, sannan ta ɗauke ba sallama, kamar yaron da ya kwana yana kuka amma ana zuwa gaban likita ya hau dariya. Irinta muka samu, mu huɗu, a shekararmu ta biyu a jami'a. Mun san a cikinku, ƙannenmu na sakandare, akwai masu sha'awar haɗa kwamfuta da hannunsu wata rana, shi ya sa muka ga ya dace ku ji yadda muka kwashe da tamu.

Karatunmu na buƙatar manhajar zanen gini mai nauyi, ƙananan kwamfutocinmu na hannu kuwa ko buɗe ta ba sa yi sai da nishi. Sai muka yi karo-karo, kowa ya sayi abin da aljihunsa zai iya. Ɗaya ya kawo furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, ƙirar AMD Ryzen 5 5600G, tare da uwar allo da ake dasa komai a kanta. Na biyu ya kawo RAM guda biyu sababbi fil a kwalinsu, kowanne gigabait 8. Na uku ya kawo gidan kwamfutar da ma'ajiyar SSD da akwatin wuta mai rarraba lantarki ga sauran sassa. Na huɗunmu, wanda ya fi mu ƙarancin hali, ya samo katin hoto na hannu. Muka haɗa, muka kunna, ta tashi tun a karon farko.

Kwana biyar aka yi ta fara nuna hali. Wani lokaci fuskarta ta koma shuɗiya da saƙon kuskure, ta sake tashi da kanta. Wani lokaci ta daskare, linzami ya ƙi motsi. Saƙon ma ba iri ɗaya ba ne kullum: yau MEMORY_MANAGEMENT, gobe IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, jibi wani dabam. Ranar da zanen da aka yi kwana biyu ana yi ya ƙi buɗuwa, sai hankali ya tashi, domin saura mako uku mu miƙa aikin da ke da maki mai yawa a kwas ɗin.

Ga kuma abin da ya fi maki nauyi. Tun farko mun yi alkawari cewa duk wanda kayansa ya lalace shi zai canza. Duk wanda ya leƙo ɗakinmu kuwa magana ɗaya yake yi: "Ai katin nan ne, kayan hannu kenan." Mai katin ya daina dariya, ya rage zuwa ɗakin. Kuɗin da ya sa na ɗinkin sallarsa ne, kuma mun san ba shi da na sayen wani. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, don haka muka yanke cewa babu sashen da za a ɗora wa laifi sai an kama shi dumu-dumu.

Muka sayi littafi mai shafi arba'in. Duk ɗaukewar da ta yi sai mu rubuta lokaci, da abin da ke buɗe, da saƙon da ya fito, da irin wutar da ake amfani da ita, ta layi ko ta janareta. Muka kuma kafa doka: ba a canza abu biyu a lokaci ɗaya. Wannan dokar kun san ta, ita ce malamin kimiyya ke nanata muku a ɗakin gwaji. Idan ka ƙara wa tsiro ruwa da taki da haske rana ɗaya, ya yi kyau, ba za ka san wanne ya yi aikin ba. Masu ba da shawara sun yi ta cewa mu goge Windows, mu canza akwatin wuta, mu cire kati, duk a yini guda. Da an yi haka ko ta warke ba za a san abin da ya warkar da ita ba.

Da wuta muka fara, don a ƙasar nan ita ce abin zargi na farko. A ƙa'ida folt 230 ya kamata ta zo, amma duk wanda ya taɓa ganin ƙwan ɗakinsu ya koma ja kamar garwashi ya san ba kullum take cika ba. Muka ɗauki kwamfutar a a-daidaita-sahu zuwa gidan yayan ɗayanmu, inda ake da sola da inbata. A can ma ta ɗauke, sau biyu a yini. Muka soke wutar layi daga jerin.

Zafi ne na biyu. A watan Afrilu muke, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, ɗakinmu kuwa rufin kwano ne ba sili. Furosesarmu iyakarta digiri 95, kuma kafin ta kai can takan rage gudunta da kanta don ta huce. Muka sa manhajar HWiNFO tana nuna mana zafin, muka ɗora mata lissafi mai tsanani da Prime95. Zafin bai kai 80 ba. Akwatin wuta ma bai ɗauke mu lokaci ba. Yana fitar da folt 12 da 5 da 3.3, kuma ƙa'idar ATX ta yarda da saɓanin kashi 5 cikin ɗari kawai, wato layin 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Muka ari mita, muka auna tsakanin wayar rawaya da baƙa a wani soket da ba a amfani da shi, kwamfutar na cikin aiki, muka ga bai fita daga iyaka ba. A nan akwai kashedi: kada wanda ya kuskura ya kwance akwatin wuta don ya leƙa cikinsa. Akwai sassan da ke riƙe caji ko bayan an zare waya, kuma suna iya kisa.

Sai aka zo kan katin hoto. Furosesarmu tana da nata sashen nuna hoto a ciki, don haka ana iya cire katin gaba ɗaya kwamfutar ta ci gaba da aiki. Muka cire shi, muka miƙa wa mai shi, ya sa a jakarsa ya zauna a bakin katifa bai ce uffan ba. Aka buɗe zane, aka ci gaba da aiki. Bayan la'asar fuskar ta koma shuɗiya. Ba mu taɓa ganin mutum ya yi murna da lalacewar kwamfuta irin ta ranar ba. Har tsalle ya yi, ya fita ya sayo mana ƙanƙarar zoɓo.

Littafinmu kuwa ya riga ya fara nuna mana hanya. Da muka karanta shi daga farko, sai muka lura ba ta taɓa ɗaukewa ana kallon fim ko rubutu ba. Kullum sai an buɗe babban zane, ga shafukan intanet da yawa a gefe. Wato sai RAM ya cika.

RAM kamar teburin karatu yake. SSD ita ce durowar da littattafai ke kwana, amma duk abin da furosesa za ta yi aiki da shi sai an shimfiɗa shi a kan tebur. A cikin RAM mai gigabait 8 akwai ƙananan gurabe fiye da biliyan 68, kowanne yana riƙe da sifili ko ɗaya. A ce 'yan kaɗan daga ciki sun lalace, an ajiye ɗaya an dawo an tarar da sifili. Muddin aikin ƙarami ne, mai yiwuwa ba za a ajiye wani abu mai muhimmanci a wurin ba, kwamfuta ta yini lafiya. Idan tebur ya cika, dole wani abu ya faɗa kan ramin. In hoto ne, ƙila ɗigo ɗaya ya canza launi ba wanda ya lura. In zanenmu ne, ya lalace. In wani sashe ne na Windows kansa, komai ya tsaya. Abin da ya sa saƙon kuskuren ke canzawa kenan: ramin ɗaya ne, masu faɗawa ne dabam-dabam.

Da farko muka shiga BIOS muka kashe XMP. Shi ne tsarin da ke ɗaga RAM irin namu, DDR4, daga gudun 2133 a kan folt 1.2 zuwa 3200 da aka rubuta a kwali a kan folt 1.35, kuma wani lokacin shi kaɗai kan jawo irin wannan matsala. Ɗaukewar ta ragu, amma ba ta daina ba. Sai muka sa MemTest86 a filash. Wannan manhaja ba ta bi ta kan Windows ko kaɗan. Daga filash take tashi, ta rubuta lambobi a kowane gurbi na RAM, ta dawo ta karanta ta ga ko suna nan yadda ta bar su. Duk kuskuren da ta gano, ba za a ce Windows ne ko bairos ba. Gwajin yana cin awoyi, don haka gidan mai sola muka koma muka bar ta ta kwana. Da asuba muka tarar da kurakurai jere da jan rubutu.

Saura a san wanne ne cikin biyun, ko ma ramin da ake soka su ne a jikin uwar allo. Muka kashe, muka zare waya, kowa ya taɓa ƙarfen gidan kwamfutar kafin ya taɓa RAM, saboda ɗan lantarkin da ke taruwa a jiki, irin wanda ke tartsatsi a jikin bargo da hunturu, yana iya ƙona shi. Muka bar na farko shi kaɗai: zagaye huɗu, babu kuskure. Muka cire shi muka sa na biyu a ramin da ya fito: tun zagayen farko ja ya bayyana. Muka mayar da na farko ɗaya ramin, ya sake wucewa lafiya. Dare uku gwajin ya ci.

Sabon nan ne, mai kwali da leda. Mai shi ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya buɗe jakarsa ya zaro rasit. Mu huɗu muka tafi shagon, da hotunan gwajin a waya da littafinmu a hannu. Mai shagon ya fara da cewa, "Samari, kaya sabo ne na ba ku, ko dai wuta ce ta ƙona muku?" Muka ce, "Alhaji, duba nan ka gani." Ya sa tabarau, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya kira yaronsa mai gyara ya nuna masa. Yaron ya gyaɗa kai. Ya karɓi duka biyun, tunda tare ake sayar da su, ya ba mu wani kwalin, ya kuma tambaye mu sunan manhajar ya rubuta a bayan wani rasit.

Sababbin ma sai da suka kwana a gwaji, dare ɗaya babu XMP, dare ɗaya da shi, kafin muka mayar da katin hoto gurbinsa. Zanen da ya lalace bai dawo ba, sake shi muka yi daga tushe a cikin kwana tara da suka rage, muna karɓa-karɓa, biyu na barci biyu na aiki. Littafin yana nan a kan gidan kwamfutar. Shafi bakwai ne suka cika, sauran yanzu jadawalin wanda zai zauna a kanta muke rubutawa a ciki, don rigimar da ta rage mana kenan.