Ɗan Aji Ma Dangi Ne

'Yan'uwa mazauna Gombe da kewaye, musamman mu da kakanninmu suka zo cin rani ko fatauci, rani ya wuce, damina ta wuce, su ba su koma ba.

Akwai wata tambaya da ba ta cika damun mutum ba sai ya ajiye aiki. Muddin yana fita ofis ko kasuwa, to inda abincinsa yake nan ne garinsa. Amma ranar da aka miƙa masa takardar ritaya sai ka ji 'yan'uwa da abokan arziki suna cewa, "To Alhaji, yanzu sai komawa gida ko?" Ga Batere ko Batangale ko Bafulatanin Dukku amsar ba ta da wahala. Ga irinmu kuwa, da aka haifi iyayenmu a Jekadafari ko Bolari amma har gobe ana kiran gidanmu gidan Katsinawa ko gidan 'yan Maraɗi, tambayar tana da nauyi. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne shirin taron tsofaffin ɗalibai da 'yan ajin babana suke yi. Ba zan ambaci sunan makarantar ko sunayen dattawan ba, domin ban nemi izininsu ba, zan dai kira su da laƙabin da suke kiran junansu.

Kakana daga ƙasar Maraɗi ya taso, ya biyo ta Jibiya da Katsina da Kano, ya sauka Gombe lokacin da auduga ke tashe. Garin ma a lokacin bai tsufa ba, don sai a 1919 ne aka dawo da hedikwatar masarautar nan Doma daga Nafada, bayan tun farko tana Gombe Abba inda Modibbo Buba Yero ya kafa ta. An kafa injin gurzar auduga a 1956, wanda har yau unguwar BCGA ke ɗauke da sunan kamfaninsa, sannan jirgin ƙasa ya iso a 1963. Waɗannan ne suka jawo Kanawa da Katsinawa da Haɗejawa da Barebari da mutanen Damagaram, kowa da ɗan jarinsa. A nan aka haifi Baba, a nan ya yi firamare, ya shiga sakandaren gwamnati ta kwana a 1975, ya fita a 1980.

Su 'yan ajin nan abin dariyarsu shi ne, suna zaune wuri guda jiha ta yi ta canjawa a ƙarƙashinsu. Sun shiga makaranta a matsayin 'yan Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri. Suna fom wan, a watan Fabrairu na 1976, Janar Murtala ya ƙirƙiro Jihar Bauchi, kwana goma bayan nan aka kashe shi. Sai kuma ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Abacha ya yanke Jihar Gombe daga Bauchi, ma'aikatan da ke cikinsu da yawa suka kwaso iyali suka dawo. Baba shi kaɗai ne a ajin bai taɓa karɓar albashi ba. Yana gama makaranta kakana ya ja shi rumfar hatsi, har yau kuma yana nan Tudun Hatsi yana auna masara da wake da riɗi.

To rumfar nan ce ta zama ofishin shirya taro. Wanda ya tayar da maganar shi ne Baba Monita, wato monitan ajinsu, tsohon ma'aikacin ma'aikatar gona. Ya zo da hoton aji da ya yi ja-ja don tsufa, mutum 38 a ciki, kowa da gajeren wando da farar riga. Da yake idon dattawan ya yi rauni, ni aka ba littafi da biro da waya. Monita ya ce, "Ɗana, ja layi uku. Na farko waɗanda muka samu, na biyu waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, na uku waɗanda ba mu san inda suke ba." Cikin wata guda layi na biyu ya kai mutum 11, na uku ya tsaya a 6. Duk sanda na rubuta suna a layi na biyu sai a yi shiru, a ɗaga hannu a yi addu'a, sannan wani ya tuno wata ɓarna da marigayin ya yi a ɗakin kwana, sai dariya ta kwace musu ido na hawaye.

Na lura hirarsu hawa uku ce, kullum haka take tafiya. Da farko tsokana: wanda ya fi kowa cin gabza, wanda siniyoyi suka sa ya ɗebo ruwa da murfin kwalba, wanda aka fasa wa akwatin ƙarfe aka kwashe garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Mutum ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya, ya je Makka sau biyu, amma a nan sunansa Dogo ko Mai Ƙararrawa. Baba kuma Ɗan Maraɗi, shi da bai taɓa shekara a Maraɗi ba. Hawa na biyu lafiya: hawan jini, ciwon suga, gwiwa, da kuɗin magani. Hawa na uku kuwa fansho, a nan ne murya ke sauka.

Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, sai malaman makaranta da dokar 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 ko 40. Saboda haka kusan duk ajin sun ajiye aiki. Waɗansu suna tsohon tsari, suna jiran giratuti suna zuwa tantancewa da takardu a leda. Waɗansu suna tsarin adashin fansho da aka kawo a 2004, wanda ake cire wa ma'aikaci wani abu duk wata a ajiye masa. Kowanne dai kukansa ɗaya tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023: abin da ke shigowa bai motsa sosai ba, abin da ke fita ya ninka. Baba Dogo, wanda ya yi ritaya a matakin darakta, ya dubi buhunan da ke bayan Baba ya ce, "Ɗan Maraɗi, mu da muka yi maka dariya a 1980 cewa ka watsar da boko ka koma awo, ga shi yau kai ne mai ba mu bashi." Baba ya ce, "Mutumina, ku kun huta, ni ranar da ban fito ba babu mai biya na. Ɗan kasuwa ritayarsa kabari."

Wannan halin ne ya kusa rushe taron. An yanka kuɗin da kowa zai bayar, an kuma zaɓi shadda ta anko. Sai na ga waɗanda suka yi ta murna a waya a makon farko sun fara cewa suna da biki, ko jiki babu daɗi, wasu ma suka daina ɗauka. Mai Ƙararrawa ne ya gano bakin zaren. Ya ce kunya ce, mutum ba zai zo ya zauna cikin 'yan ajinsa a karanta sunayen waɗanda suka biya babu nasa ba. Nan take aka soke anko, aka ce kowa ya sa abin da yake da shi, aka kuma ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a ba Monita a asirce, ba za a karanta ko sisi ba. Abin da ya yi saura a raba wa iyalan 'yan layi na biyu. Da na sake bugawa da wannan saƙon, mutum biyar bikinsu ya ɗage, jikinsu ya yi sauƙi.

Yanzu bari in dawo kan tambayar komawa gida, don a cikin ajin akwai waɗanda suka gwada. Ɗaya ɗan asalin wani ƙauye ne a ƙasar Katsina, ya zuba giratutinsa ya gina gida a filin gadon mahaifinsa. Dangi sun karɓe shi hannu bibbiyu, amma ya ce in an zauna hira a ƙofar masallaci labarin mutanen da bai sani ba ake yi, in ya buɗe baki a ce "Ba haka muke yi a nan ba, Ɗan Gombe." Matarsa ta kasa sabawa, 'ya'yan suka ƙi bin sa. Shekara biyu ya dawo ya kama haya a Pantami. Ya ce, "A nan ni Bakatsine ne, a can ni ɗan Gombe ne, amma a nan ne in na faɗi a hanya za a san gidan da za a kai ni."

Na biyun tsohon ma'aikacin reluwe ne, shi ma kamar mu tushensu Maraɗi, kuma can ya koma. Fanshonsa da naira ake biya, shi kuma da sefa yake cefane, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 yake ji a jikinsa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe, a tsakanin nan aka yi rasuwar amininsa a Gombe bai samu zuwa jana'iza ba. Da na same shi a waya na ce, "Baba, ni ɗan gidan Ɗan Maraɗi ne na Tudun Hatsi," bai tambaye ni ranar taro ba, bai tambayi kuɗi ba. Cewa ya yi, "Yaro, karanto mini waɗanda suka rasu tukuna." Na karanta, ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce in gaya musu zai biyo ta Jibiya da Kano, ya ɓullo ta Darazo da Dukku, ko da kwana biyu zai yi a hanya.

Na ukun bai je ko'ina ba, don shi ɗan ƙasa ne, Batangale daga Billiri, Kirista, tsohon malamin lissafi. Shi da Baba gado ɗaya suka raba, shi sama Baba ƙasa, shekara biyar. Ranar 16 ga Yuli 2015, ana jajiberin ƙaramar Sallah, bom ya tashi a babbar kasuwar Gombe, mutane da yawa suka rasu. Ina ɗan sakandare a lokacin. Shi dai ya ji an ce kasuwar Gombe, bai tsaya tantance wace kasuwa ba, ya yi ta neman wayar Baba ba ta shiga, gari na wayewa sai ga shi a ƙofar gidanmu. Danginmu na Maraɗi sun bugo daga baya, Allah Ya saka musu, amma wanda ya fara sallama shi ne. A zaman shirin nan da wani ya yi wa Baba tsokanar yaushe zai koma garinsu, Malam ne ya amsa. Ya ce, "Wane garin? Ni na san ranar da aka kawo shi makaranta yana kuka. In ana neman shaida ni ne shaida."

Wannan kalmar ta shaida ita ta tsaya mini a rai. Duk mun san yadda ake fama wajen cike fom na makaranta ko na aiki, inda za a tambaye ka jiharka ta asali da ƙaramar hukumarka ta asali, a ce ka kawo takarda. Takardar tana da amfaninta, kowa ya nema ta hanyar da ta dace. Sai dai takarda ba ta zuwa dubiya, ba ta bin gawa maƙabarta. Wanda ya zo daga nesa ba shi da baffanni goma a unguwa, ba shi da gonar gado a bayan gari. Abin da yake da shi shi ne mutanen da suka san shi tun ba shi da komai, suka ci kwano ɗaya, suka sha bulala ɗaya. Hausawa sun ce sabo turken wawa, ni kuwa a rumfar nan na ga sabo ya zama turken masu hankali, don shi ne ya riƙe su a garin da suka tsufa a ciki.

Mu 'yan baya abin ya ɗan bambanta. Yawancinmu jeka-ka-dawo muka yi, aji ɗaya mutum ya fi ƙarfin ƙirga, an tashi kowa ya kama hanyar unguwarsu. Muna da lambobin juna a waya fiye da yadda iyayenmu suka taɓa samu, amma in aka ce in lissafo 'yan ajinmu da na san ƙofar gidansu, yatsun hannu ɗaya sun isa. Su da wasiƙa da saƙon baka ta hannun direbobin tasha suka riƙe juna sama da shekara 40.

Don haka roƙona ga 'yan'uwa matasa guda biyu ne. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka ajiye aiki suna zaune a gida, ya tambaye su sunayen 'yan ajinsu, ya taya su nema, ya sa musu kati su gaisa. Ba ka san nauyin da kake sauke musu ba. Na biyu, mu ma mu fara neman namu tun ƙafa tana ɗaukarmu, kada mu bari sai an ja layi uku. Har yanzu mutum 6 ɗin nan ba mu same su ba, an ce ɗaya yana wajen Kumo, ɗaya an taɓa ganin sa a Potiskum, ranar kasuwa mai zuwa zan bi motar hatsi in gwada sa'a.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyayenmu lafiya da abin rufin asiri, Ya zaunar da garinmu Gombe lafiya. Sai mun sake haɗuwa.

Naku,
Ɗan Tudun Hatsi