Mai Labarin Zane Tsakanin Samaru da Sabon Gari

A takardun mulki, Samaru tana cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. Amma ga mai rubuta labarin zane, wato labarin da ake bayarwa gida-gida da hotuna, da 'yar magana a bakin kowane mutum, wuraren biyu sun yi hannun riga. A Samaru ake koyon sana'ar, a yi ta mahawara a kanta; a Sabon Gari kuwa ake tambayar nawa za ta ci, kuma wa zai biya. Akwai wani mutum da ya shafe shekaru yana kai-komo a wannan hanya, ta Kwangila da Palladan, jakar takardunsa bisa cinya. Idan aka tambaye shi aikinsa sai ya ɗan yi jim, domin amsar ta danganta da watan da ake ciki. Wani watan littafin zane yake rubutawa, wani watan yana tsara katun na minti uku, wani kuma yana zaune bisa tabarma yana gyara wa 'yan wasan kwaikwayo magana.

Mahaifiyarsa ta taɓa ce masa, "Kai dai har yanzu ban san abin da zan ce wa mutane kana yi ba." Ya ce, "Inna, ki ce labari nake bayarwa." Ba ta gamsu ba, don a saninta labari da dare ake ba da shi, kuma ba a biyan kowa.

Shi dai ba shi ne farau ba. Demas Nwoko ya yi karatun zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda harabarta ta Samaru ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Da ya gama bai tsaya ga allon zane ba: ya tafi Faransa ya koyi tsara dandamali, ya koyar a makarantar wasan kwaikwayo ta Jami'ar Ibadan, daga bisani ya shahara a tsara gine-gine, har aka ba shi babbar lambar yabo a Benis ta Italiya a 2023. Dele Jegede kuwa ya gama a sashen zane na Samaru a 1973, ya shiga jaridar Daily Times a Legas, inda ya riƙa zana labarin wani yaro mai ƙiriniya, Kole the Menace, yana sa wa yaron a baki maganganun da manya ke shakkar faɗi. Sai dai su biyun sun bar Zariya kafin aikinsu ya nuna, kuma ba da Hausa suka yi shi ba. Wannan giɓin ne mutumin namu ya faɗa ciki.

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai zaci rubuta labarin zane da Hausa fassara ce kawai. Ba haka ba ne. Shafi guda ba ya ɗaukar fiye da gida shida ko tara, kuma ɗan zagayen da ake rubuta magana a ciki ba ya son ta yi tsawo. Hausa kuwa ba ta son gaggawa. Idan Bahaushe ya shiga zauren surukinsa, sallama da gaisuwa da tambayar gajiya da iyali za su cinye rabin shafi kafin a zo ga abin da ya kawo shi. In aka yanke gaisuwar, mai karatu zai ga mutumin ba shi da tarbiyya. In aka bar ta, labari ya tsaya cik. Dabarar da ya gano ita ce ya bar wa hoto gaisuwar: takalmi a bakin ƙofa, mutum a durƙushe, kai a sunkuye, ba ko harafi ɗaya. Gida na gaba sai a shiga zance. Abin da ya faru tsakanin gidajen biyu mai karatu ne ke cike shi da kansa, kuma a nan ne duk gwanintar sana'ar take.

Sannan ga matsalar haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutun kwamfuta da aka ƙera don labarin zane ba su da ƙ da ɗ da ɓ. A wani shagon buga takardu na Sabon Gari ya taɓa karɓar gwajin shafi ya tarar baƙi sun koma baki. Mai shagon ya ce, "Malam, ai kowa zai gane." Ya koma gida ya bi lanƙwasar ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Katun kuwa lissafi ne kafin ya zama fasaha. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa guda. Ko an riƙa nuna kowane zane sau biyu, kamar yadda aka saba, ana bukatar zane 12 a daƙiƙa, wato 720 a minti ɗaya. Kwamfuta ta rage wahalar, amma ba ta kawo wutar lantarki ba. A wannan fage wanda yake kallo a matsayin magabaci ba daga Amurka ko Japan yake ba, daga Nijar yake: Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya kuma daɗe yana aiki a Tawa. Ya fara da wasan inuwa da fitila, ya yi aiki tare da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren katun a kan wani shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki da dukkan shagalinta. Shekara shida kacal bayan samun 'yancin kai, kwaɗi sun faɗi abin da jarida ba za ta iya faɗi ba.

Abin da ke damun mutumin namu shi ne irin wannan 'yanci ba ya zuwa da kuɗi. Kuɗin katun a Arewa galibi daga masu aikin wayar da kai yake fitowa: rigakafi, tsafta, karatun 'ya mace, zaman lafiya. Duk abubuwa ne masu kyau, kuma tsohuwar hanya ce, tun zamanin majigi da ake zagaya ƙauyuka da finafinai irin su Baban Larai don koyar da noman zamani. Amma mai ba da kuɗi yana zuwa da saƙonsa a rubuce, kuma yana son a furta shi ƙarara kafin a rufe. Wata ƙungiya ta taɓa dawo masa da rubutu sau uku, don uban da ke hana 'yarsa makaranta ya yi magana mai ma'ana fiye da kima. So suke ya zama jahili tsantsa, wanda malamar asibiti za ta gyara da jimla biyu. Ya gyara, aka biya shi, bai kuma sake kallon katun ɗin ba.

Shi ya sa yake komawa dandamali, ko da yake can ne kuɗi ya fi ƙaranci. Gidan wasan jami'ar da ke Samaru, wanda Ba'amurke Steven Ehrlich ya tsara a tsakiyar shekarun 1970, ginin ƙasa ne irin na gidan Bahaushe: ɗakuna zagayayyu da katanga sun kewaye fili, sama a buɗe. Daga nan ne Michael Etherton da abokan aikinsa, irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka riƙa fita da ɗalibai zuwa cikin Samaru da Soba da Maska da Bomo. Su ma da fari shiryayyen wasa suke kai wa jama'a. Sannu a hankali suka fahimci cewa wa'azi ne kawai da kayan wasa, sai suka koma shirya wasan tare da mutanen gari, a tsaya a tsakiya a tambayi 'yan kallo yadda ya kamata a ci gaba.

Labarin uban nan da aka tilasta masa ragewa, shi ya sake ɗauka ya ba ɗalibai suka kai wani ƙauye a bayan Samaru, wannan karon da dukkan hujjojin uban. Ana tsakiyar wasa wani dattijo ya ɗaga sanda ya ce, "Ɗana, tsaya. Ba makarantar muke ƙi ba. Hanyar muke tsoro, yarinya ita kaɗai, rafi biyu, da damina." Ya ce, "Baba, to a wasan me uban zai ce?" Dattijon ya miƙe ya shiga fili ya faɗa da bakinsa, mata daga can gefe suna gyara masa.

A daren ya zana abin cikin gida tara: rafi, takalmin roba a hannu, uba tsaye a bakin gona yana bin 'yarsa da kallo har ta ɓace. Babu malamar asibiti a ciki, babu kuma wanda ya yi alkawarin biya. Da safe ya shiga motar Sabon Gari da shafi 24 a jaka. Mai shagon ya juya takardun, ya danna na'urar lissafi, ya ce, "Kwafi nawa, Malam? Kuma mai launi ko baƙi da fari?" Ya ƙirga abin da ya rage daga kuɗin katun, ya ce baƙi da fari, amma shi zai zauna ya duba haruffan da kansa.