Ɗan Madubin da ke Juya Jinjirin Wata

Jama'a, ku ɗan matso, maganar ba ta lasifika ba ce. Tun da na'urar hangen nesa ta shigo majalisar nan tamu ta Kambarawa, kowa tambayarsa ɗaya: sau nawa take kusanto da abu? Har yau ban ji wanda ya tambayi labarin ɗan guntun nan da ake cusawa a gindinta ba, mai siffar gwiwar bututun famfo, wanda ake ɗora maleƙi, wato gilashin da ake sa ido, a kansa. Shi ne madubin kwana. Duk hasken da na'urar ta tara sai ya bi ta kansa kafin ya iso idonka, saboda haka in ya lalace, komai tsadar gilashin gaba, asarar kuɗi aka yi.

Aikinsa ba wuya. Madubi ne ƙarami da aka jingina a digiri 45 cikin ɗan akwati. Haske ya shigo a miƙe, ya karya shi digiri 90, ya turo shi sama. Maimakon ka durƙusa kana leƙe daga ƙasa, sai ka zauna kan kujera ka sunkuyar da kai kamar mai karatu. Kuma mu nan mun fi Turawan da suka ƙera shi bukatarsa. Katsina tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka wata da Mushtari da Zuhal, idan suka kai tsaka, sau da yawa kusan a kan hularka suke ratsawa. Kaza da 'ya'yanta ma haka, lokacin sanyi. Mutumin Landan da ƙyar yake ganin Mushtari ya haura digiri 60. Kai kuwa sai ka miƙar da na'ura tsaye cak, maleƙi ya koma dab da ƙasa. Malam, kai da ke kukan ƙugu tun damina, gwada kallon Zuhal a haka babu madubin kwana, gobe sai an kama ka kafin ka tashi sallar asuba.

In taku ƙirar Newton ce, wato mai buɗaɗɗen baki da maleƙi a gefe can sama, wannan hira ba ta shafe ku ba. Tana da nata madubin a ciki, in kuka ƙara wani, hoton ma ba zai fito ba.

To ga abin da ya sa na ce ku matso. Madubi guda ɗaya yana juya hagu ta koma dama. Sama tana nan a sama, ƙasa tana ƙasa, amma gefe da gefe sun yi musanya. A kallon taurari wannan ba komai ba ne, illa dai ka ga watannin Mushtari huɗu, waɗanda Galileo ya fara gani a 1610, sun jeru saɓanin yadda manhajar wayarka ta nuna, ka yi ta zargin manhajar. Stellarium ta kwamfuta ma tana da inda ake juya hoton ya dace da abin da ke cikin maleƙi.

Amma ranar 29 ga wata, magana ta canza. Kun dai san yadda tsarin yake: fadar Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, ta yi sanarwar a fara duba, wanda ya gani ya kai rahoto wurin hakimi ko dagaci mafi kusa, har labari ya isa Sakkwato. Shaida ce ta addini, azumin al'umma ko sallarsu a wuyanka. Jinjirin wata a wajenmu yakan fito kusan a kwance, ƙahonninsa na kallon sama, ya ɗan karkata hagu ko dama gwargwadon inda rana ta faɗi. Idan ta madubin kwana ka gan shi, karkatar da ta yi dama za ka gan ta a hagu. In kuma ka murɗa madubin gefe don ɗanka ya kai ga leƙawa, hoton duka ya juya tare da shi. In ka cire madubin ka leƙa kai tsaye, sai ka ga jinjirin ya kife gaba ɗaya. Yanzu a tambaye ka ina ƙahonsa ya fuskanta, ka rantse da abin da idonka ya gani, alhali wanda ya gani da ido tsirara a Daura ko Funtuwa ya faɗi akasin naka. Ba ƙarya ka yi ba, amma ka jefa shakku a shaidar da take gaskiya. Ni a ganina, duk mai duban wata da na'ura ya fara gwada ta da rana a kan rubutun wani allon shago mai nisa, ya ga yadda haruffan suka juya, ya riƙe wannan a ransa.

Gaskiya ma jinjirin wata ba ya bukatar madubin kwana. Yana can ƙasa dab da bakin sama, kana tsaye kake kallonsa. Tabaron hangen nesa mai ido biyu ya fi dacewa, ga faɗin fili ga hoto daidai. Kuma don Allah, Yaya, kai da ba ka da haƙuri: kada kowa ya ɗaga gilashi yamma sai rana ta gama faɗuwa. Ƙiftawa ɗaya ta isa ta ƙone ido, kuma ba ya dawowa.

Akwai mai gyara wannan juyin na hagu da dama, dunƙulen gilashi ne mai tsini kamar jinka, ƙirar wani Ba'italiye, Giovanni Amici, wanda ya rasu a 1863. Shi hagu hagu ce, dama dama. Ƙananan na'urori da yawa da shi suke zuwa, mai kwanar digiri 45. Don kallon tsuntsu ko jinjirin wata, madalla. Amma juya shi kan Zara da dare ka ga wani siririn layin haske ya ratsa ta tsakiyarta, daga tsinin gilashin yake fitowa, ba goge shi ake yi ba. Kuma digiri 45 ba ya ceton wuya in abu ya hau tsaka.

Sai batun da 'yan kasuwa suka fi so, wato kashi nawa. Madubi mai shafen alminiyam na yau da kullum yana mayar da wajen kashi 90 cikin 100 na haske. Mai tsadar, wanda aka yi wa shafe hawa-hawa, an rubuta masa kashi 99. Adadin gaskiya ne, sai dai ido ba ma'auni ba ne. Tazarar tara cikin ɗari da ƙyar gwani zai lura da ita a tauraro, balle mu da fitilun unguwa da hayaƙin janareta suka riga suka cinye rabin samanmu. In zan sayi mai 99, don taurin shafensa zan saya, saboda ya fi jure wanki, kuma a garin da hunturu ke zuba ƙura wata uku wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke kashe hoto da gaske shi ne madubin da bai kwanta sumul ba, ko wanda aka manna a karkace cikin akwatin roba. Gane shi ba ya cin ko kwabo. Nemi tauraro mai haske, sa maleƙi mai ƙarfi, ka ɗan kauce wa daidai kaɗan har tauraron ya buɗe ya zama zobba. In zobban sun yi zagaye, lafiya lau. In sun yi tsawo kamar ƙwai, cire madubin kwanan ka leƙa kai tsaye, ko da za ka ɗan zaro maleƙin baya kafin hoto ya fito. Suka koma zagaye, ka kama ɓarawon. Mutane da yawa sun jingine na'ura mai kyau a bayan ƙofa suna zagin kamfani, alhali laifin ɗan guntun roba ne.

Ku duba kuma yadda yake riƙe maleƙi. Na araha sukuru ɗaya ne siriri ke cizon ƙarfen, ya bar masa tabo, wata rana ka juya na'ura maleƙin ya sulale ya daki siminti. Mai kyau yana da zoben tagulla a ciki, sukurun ya matsa zoben, zoben ya rungume maleƙin ko'ina.

Goge shi fa? A nan ne nake jin tsoronku. Madubin ɗaki shafensa a baya yake, gilashi ya kare shi. Wannan nasa a fuska yake, tsirara. Ƙurar hunturu kuwa yashi ce mai laushi; ka sa bakin riga ka murza, ka yi masa zane har abada. Ɗan famfon robar nan na masu kyamara ya isa, a hure ƙurar, a mayar da murafu biyu, a sa shi cikin leda mai zif. 'Yar ƙura kaɗan ba ta hana gani, ku bar ta.

Alhaji, kai da ka ce yaronka zai taho maka da sabo daga Ingila, kafin ka buga masa waya ɗauki ruler ɗin 'yan makaranta ka auna bakin gindin na'urarka. Girma biyu ne suka fi yawa, inci 1.25 da inci 2, sai tsofaffin na'urori masu 0.965 da yanzu kayansu ke wuyar samu. Taka mai gilashin milimita 70 ce, kada ya burge ka da na inci 2. Ba zai shiga ba, in ma ya shiga nauyinsa zai rinjayi ƙafafun. Ka ce masa mai digiri 90, inci 1.25, jikin ƙarfe, da zoben tagulla. Wancan na Amici mai digiri 45 kuma kada ka ba yara, ajiye shi don yammacin 29 ga Sha'aban.