Farashin Bindigar Kaka

A gidanmu na New Town, wanda tsofaffi har gobe suke kira Lagos Town, akwai wata bindigar toka da ke rataye a ɗakin marigayi kakana. Da ita ya yi farauta a arewa kafin ya sauko Ankara ya kama sana'ar fawa. Tsatsa ta ci bakinta, gara ta taɓa ƙotarta, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ƙararta ba.

Bara da damina kwanon ɗakin ya fara yoyo, Kawu ya rasa kuɗin gyara. Sai ya kawo wani dillali mai sayar wa 'yan yawon buɗe ido kayan da. Mutumin ya juya bindigar, ya leƙa bakinta, sannan ya tambaya: "Ta taɓa kashe mutum?" Kawu ya ce iyakarta gada da zomo. Dillalin ya taɓe baki, ya ce a haka ba za ta yi kuɗi ba, amma in da takarda mai cewa da ita aka kashe wani sananne, zai ninka tayinsa sau uku.

Da dare Kawu ya kira ni. "Ɗana, kai da ka iya tsara zance a rediyo, rubuta mana ɗan labari mana. Wa zai bincika?" Na ce, "Kawu, a ba ni kwana biyu in yi tunani." Gaskiya raina ya biya, domin na ga robobin da ake tarawa a ƙasa duk lokacin da hadari ya haɗu.

Dillalin ba shi ya ƙirƙiro wannan kasuwa ba. A Amurka, ƙaramar bindigar da Jack Ruby ya harbe Lee Harvey Oswald da ita a 1963, kwana biyu bayan kisan Shugaba Kennedy, an yi gwanjonta a 1991 kan dala 220,000. Wadda Pat Garrett ya kashe ɗan fashin nan Billy the Kid da ita a 1881 ta haura dala miliyan 6 a 2021. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne George Zimmerman, da ya harbe Trayvon Martin, yaro baƙar fata ɗan shekara 17, a Florida a 2012. Kotu ta sallame shi, a 2016 kuma ya fito da bindigar kasuwa, iyayen yaron suna raye suna ji. Irin waɗannan bindigogi an ƙera su da dubbai. Abin da ya bambanta waccan ɗayar da sauran shi ne ran da ta ɗauka, kuma shi ake biya.

Ina cikin wannan tunani sai Ahmed Hussein-Suale ya faɗo mini. Ranar 16 ga Janairun 2019 wasu mutane a kan babur suka harbe shi cikin motarsa a Madina. Ɗan jarida ne mai binciken ƙwaƙwaf, yana aiki tare da Anas Aremeyaw Anas, kuma yana cikin waɗanda suka tona asirin cin hanci a harkar ƙwallon Gana a 2018. Washegari ni na karanta labarin a shirin safe, na kashe makirfo sau biyu kafin in kai ƙarshe. Bindigar da ta kashe shi tana wani wuri. Na tambayi kaina: in wata rana ta fito, wani mai kuɗi ya saya ya sa a gilashi yana nuna wa baƙi, me zan ce wa 'ya'yansa?

Ba ina cewa a ɓoye kayan tarihi ba ne. A gidan tarihi na Onikan da ke Legas an ajiye baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, da ramukan harsashi a jikinta. Na taɓa tsayawa gabanta. Babu wanda ya tambayi nawa take. Mutane salati suke yi, wasu na yi masa addu'a. Motar tana tuna maka wanda aka zalunta. Bindigar da ke falon attajiri kuwa wanda ya ja kunama take ɗaukakawa.

Da kwana biyu suka cika na durƙusa gaban Kawu na ce, "Kawu, a yi haƙuri, ba zan iya ba. Kaka bai kashe kowa ba, ba zan ɗora masa gawa yana kabari ba." Bai ji daɗi ba. Ya ce mai ƙoshi ne ke zaɓen tuwo, ya kuma yi mako guda yana amsa gaisuwata a taƙaice.

Kwanon dai mun gyara rabinsa da kuɗin adashina da abin da ƙanwata ta aiko daga Kumasi. Ɗaya rabin yana jiran wata damina. Dillalin ya sake zuwa sau ɗaya, Kawu ya ce masa ba ta sayarwa ba ce. Bai gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na tarar da shi zaune a kan buzun Kaka, yana goge ta da man gyaɗa.