Daga Bugaje zuwa Maraɗi da takardar ƙin biza a aljihu

Hanyar Katsina zuwa Jibiya ba wata doguwa ba ce, shingaye ne ke ninka ta. Kafin direba ya sa giya ta huɗu an ɗaga masa hannu. Mu kuwa akwatin kamara ne ya jawo mana ƙarin tambayoyi: na wane ne, me za a ɗauka, wa ya aiko ku. Aikin da ya fito da mu shirin talabijin ne kan layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Muna son jin ta bakin manoman yankin, shi ya sa muka ratse Bugaje kafin mu nufi boda.

Abokin tafiyata furodusa ne, tun kafin Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye a 2014 yake tace hoto. Ranar nan dai gangar jikinsa ce kawai a motar. Wani kamfanin shirye-shirye a Ingila ya ɗauke shi aiki, ya aiko masa da shaidar ɗaukar nauyi. Ya yi gwajin tarin fuka, ya ci jarrabawar Turanci, ya biya kuɗin biza da na lafiya, sai ga amsa: an ƙi. Doka ta ce idan kamfani bai ɗauki nauyin zamanka na watan farko ba, sai ka nuna fam 1,270 sun kwana 28 a jere a asusunka. Wanda ya duba takardunsa ya ce kwanakin ba su cika ba. Shi kuma ya rantse sun cika, ragowar lissafin tana shafi na biyu na takardar banki.

Mun shiga Bugaje da hantsi, kaka ta yi, an girbe gero, dammuna jingine a bakin rumbuna. Wani dattijo ya shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gidansa, aka kawo fura. Ana cikin ɗaura masa makirufo a wuyan riga wayar abokina ta yi ƙara, lauya ce daga Abuja. Ya sa ta a sifika don in taya shi ji.

Abin da ta faɗa ya kamata duk mai wannan buri ya sani. Tun bayan dokar shige da fice ta 2014, wanda aka hana bizar ƙwararren ma'aikaci ba shi da hurumin ɗaukaka ƙara gaban alƙali kai tsaye. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi a sake duba hukuncin, cikin kwana 28 da samun wasiƙar, a kan fam 80. Wani ma'aikaci daban ne zai buɗe fayil ɗin, kuma kuskuren abokin aikinsa kaɗai zai nema. Ba a kiran ka, ba a jin muryarka, galibi ba a karɓar sabuwar takarda. Amsa na iya kai wata goma sha biyu ko fiye. In kuma ka gaji ka shigar da sabuwar buƙatar biza, neman sake dubawar ya faɗi ke nan, kuma sai kamfani ya fitar maka da sabuwar shaida, don tsohuwar ta ƙone da ƙin farko.

Dattijon ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Ɗana, shi wanda ya hana ka ɗin, ka je ka gaishe shi kuwa?"

"Baba, ai ba a ganinsa. Ko sunansa ban sani ba."

"To da wa ake shari'ar?"

Aka yi dariya, amma tambayar ta fi amsar da muke da ita. Mutumin nan 'yarsa na aure a Maraɗi, bai taɓa mallakar fasfo ba, kuma bai taɓa fashin suna ko ta'aziyya a can ba sai lokacin da aka rufe iyaka: daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sai kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Ko a lokacin, in ji shi, babur ya san hanyar gona.

A Magama muka canji sefa, muka bar babbar kamara wajen wani ɗan'uwan direba, don ɗaukar hoto a ƙasar wani sai da izini. Aka duba katunanmu, aka tambayi inda za mu da ranar dawowa. A Ɗan Isa aka sake, da Hausa, Faransanci na leƙowa jefi-jefi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba ɗan yankin damar kwana 90 ba biza, kuma ko da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ba a hana zirga-zirgar mutane ba. Ba na cewa wannan boda aljanna ce. Talaka mai buhu biyu a kan babur ya san abin da hannu ke miƙawa kafin a ɗage sanda. Amma a nan wanda ya tsare ka yana gabanka. Za ka roƙe shi, za ka yi masa gardama, in ta kai ka nemi ogansa. A Ingila kuwa shekarun da mutum ya yi yana ɗaukar hoto a rana da ƙura ba su shiga lissafi ba. Maki 70 ake nema, da albashin da ya kai ƙa'ida, ƙa'idar da ta tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, ta sake hawa 41,700 a Yulin 2025. Akwai wata ƙofar da ake duba aikin mutum kansa, bizar masu baiwa ta musamman, sai dai a fannin fim da talabijin manyan lambobin yabo na duniya ake tambaya, irin waɗanda ba a kawo su Kano ko Kaduna.

Maraɗi ta karɓe mu da la'asar. Garin Katsinawa ne da suka ƙi miƙa wuya bayan jihadi, har yau sarautar Sarkin Katsina ake kiran sarkinta da ita, kuma Hausar kasuwa ba ta bambanta da ta Bugaje ba sai a lissafin kuɗi. Muka ci kilishi a bakin titi, abokina na ta juya magana ɗaya: ya jira a wanke shi, ko ya haɗiye gaskiyarsa ya sake biyan kuɗi? Ni ra'ayina ya sake nema, don gurbin aiki ba ya jiran shekara. Shi ya ce ƙin da ba a goge ba, zai bi shi duk fom ɗin da zai cike nan gaba, tunda kowanne sai ya tambaya ko an taɓa hana ka.

Da dare a masauki ya kira kamfanin. Suka ce za su riƙe masa gurbin wata uku, in babu amsa su fitar da sabuwar shaida, wannan karon da alkawarin ɗaukar nauyin zamansa, yadda ba za a ƙara tambayar takardar banki ba. Ya ari intanet ɗin mai masauki, ya rubuta layi shida yana nuna lambar shafi da ranaku, ya biya fam 80 ɗin. Da asuba muka kama hanyar Madarunfa, akwai masuntan tafki da ke jiran mu da hira.