Hawandawaki: inda tushe ya fi iyaka tsufa

Matafiyin da ya baro Maraɗi ya nufi gabas bisa babbar hanyar ƙasa, sai ya ratsa Cadawa da Agye da Gazawa kafin ya kai Tasawa. Daga can in ya karkata kudu, cikin rairayi da gonakin hatsi da wake da gujiya, zai iske ƙaramar hukumar Hawandawaki, wadda kudancinta ya jingina da iyakar Najeriya. Sunan garin kansa ya isa ya tuna wa mutum ranar salla: dawaki da jalala, kalangu da algaita, maroƙa suna jero sunayen kakanni.

A wannan yanki salla ranar lissafin dangi ce. Da an sauko daga idi sai a shiga gida-gida gaisuwa. Wanda ya tafi cin-rani ya komo, ɗiyar da aka aurar a ƙauyukan jihar Katsina ta zo da goyonta, tsohuwa ta zaunar da jikoki tana faɗa musu wane ne ya haifi wane. Maroƙi kuwa ba ya buƙatar takarda. Da ya ga askar da ke fuskar dattijo sai ya kama kirarin gidansu tun daga tushe, har mai gida ya sa hannu aljihu.

Wannan riƙon asali yana da dalili. Wajen shekarar 1807 mayaƙan jihadi, ƙarƙashin Ummarun Dallaje, suka ci birnin Katsina. Sarki Magajin Haladu ya rasu a Dankama, garin da ke dab da iyaka a yau. Ɗan Kasawa ya ja sauran jama'a zuwa ƙasar Damagaram, daga bisani ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maraɗi. Ƙasar Tasawa ma yankin tsohuwar Katsina ce. Daga baya Faransa da Ingila suka zo da nasu rabo, suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, gona ta faɗa nan, mai ita ya faɗa can.

Masu karatu, akwai wasu mutane can ƙasar Kanada da labarinsu ya yi kama da wannan. Sunansu Akadiyawa, jikokin Faransawan da suka fara sauka gaɓar teku a 1604. A 1755 Ingilishi suka fara kwashe su cikin jiragen ruwa, aka ƙone gidaje, aka raba iyalai. Fiye da mutum 10,000 aka kora, da yawa suka mutu a hanya. Wasu sun ƙare a Luwiziyana ta Amurka, wasu a Faransa, wasu suka lallaɓa suka komo.

Abin koyi shi ne yadda jikokinsu suka riƙe abin. A 1881 suka tsayar da 15 ga Agusta ranar tunawa da asalinsu. A wannan rana a garin Karaket jama'a kan fito da tukwane da cokula suna bugawa, don duniya ta ji suna nan ba su ƙare ba. Tun 1994 kuma, duk shekara 5 suna yin babban taro na duniya. Na 1999 an yi shi a Luwiziyana, na 2024 a lardin Nuba Iskoshiya. A wurin kowace zuri'a tana da zamanta: masu suna LeBlanc gefe guda, masu suna Cormier gefe guda, kowa da takardun haihuwa da na aure, ana bin salsala har zuwa kakan da aka kora.

Mu a nan mun fi su maroƙa, sun fi mu rubutu. Abin da ke kan tsohuwa da maroƙi, ranar da aka kai su kushewa ya tafi ke nan. Askar gado tana ɓacewa daga fuskokin yara, samari kuma suna Libiya da Aljeriya da Legas wajen neman abinci. A 1970 Issaka Dankoussou ya tattara labarun Katsinawa na bayan jihadi, aka buga su a Yamai da Hausa da Faransanci. Aiki ne mai daraja, amma galibi labarin sarakuna ne. Na maƙera da majema da masaƙa da fatake har yanzu yana bakin tsofaffi.

Kada ɗan kasuwa ya ce wannan zancen malaman lakwal ne. An rufe iyakar nan a 2019, aka sake rufe ta a 2023. Duk wanda ke safarar wake ko dabbobi ya san abin da ya riƙe shi a lokacin: ɗan uwa a wancan gefe da zai ajiye masa kaya, ya ba shi bashi ba tare da takarda ba. Amanar nan daga sanin dangi ta fito. Ranar da ƴaƴanmu suka kasa gane juna, ita ma za ta tafi.

Don haka ga shawara ga magadan gari da masu gari da ƴan kasuwar yankin. A zaɓi rana guda bayan kaka, lokacin da rumbuna suka cika, a gayyato dangi daga ɓangarorin biyu. Kowane gida ya zo da tsohonsa, ɗan lakwal ko almajiri ya zauna kusa da shi da alƙalami, da boko ko da ajami, a naɗi muryar maroƙa a salula. Kada a mai da taron wurin tone-tonen wa ya kori wa. Jikan Bafillace da jikan Bakatsine sun daɗe da zama surukan juna, suna salla sahu ɗaya.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Dawakin Hawandawaki ba su ƙare ba, maroƙa ma suna nan. Saura mai rubutawa. Allah shi ba mu ikon sada zumunci.