Kyan Ɗan Maciji

Jama'a, ɗalibi ba ya rasa abin gardama. In babu ta siyasa, ya jawo ta ƙwallo. Mu a ɗakinmu na Dutsin-Ma, wadda ta fi hana mu barci ita ce: wane jirgin yaƙi ya fi kyan gani?

Abokina ya tsaya kan Spitfire na Ingila, wai fikafikansa masu lanƙwasa sai ka ce shaho ya yi shawagi. Ni kuwa na riƙe Hurricane, ko da yake yana da ɗan doro, kuma bayansa da ƙyalle aka rufe shi. Hujjata ita ce, a gwabzawar sararin Ingila ta 1940, ya fi Spitfire kakkaɓo jiragen Jamus. Ga kuma zumunci: tun daga shekarar nan akan harhaɗa irinsa a Takoradi, su biyo ta Kano da Maiduguri, su nufi Masar. Na ukunmu ya ce duk mu kauce, MiG-17 na Rasha, wanda Nijeriya ta yi yaƙin basasa da shi, shi ne ƙarshen kyau. Muka ce jirgin da bakinsa yake a wangame kamar tulu?

Da hutu ya zo na kai maganar Kurfi, wurin kawuna, tsohon sojan da ya ga yaƙin 1967 zuwa 1970. Ya saurare ni tsaf, sa'an nan ya ce, "Ɗan nan, a ina kuka ga jiragen?"

Na ce, "A hoto, Kawu."

Ya ce, "Shi ya sa. Wanda yake ƙarƙashinsu ba ya ɗaga kai."

Ya tuna mini da 'yan jiragen da wani Bature na Suwidin, Von Rosen, ya kawo wa Biyafara a watan Mayu na 1969. Na koyon tuƙi ne, ƙanana kamar fara, ba mai kallonsu sau biyu. Amma da aka ɗaura musu rokoki, sun lalata jiragen gwamnati suna ajiye a Fatakwal da Benin da Inugu.

To, ya kai mai karatu, yau ba ma bukatar hoto. Tun da ɓarayin daji suka addabi ƙasar Katsina, mutanen ƙauyukanmu sun san rugugin jirgin yaƙi. Tsohuwar da ta ji shi ba ta tambayar siffar fikafikansa. Addu'arta ita ce ya iya bambance ɓarawo da manomi, gama ba a manta da masu Mauludin Tudun Biri ba, waɗanda jirgi marar matuƙi ya hallaka bisa kuskure a watan Disamba na 2023.

Ban ce a daina yaba aikin maƙera ba. Ido ba ya ƙin abu mai kyau. Sai dai mu da ake koya wa auna magana, in za mu ce makami ya yi kyau, ya kamata mu fara tambayar a kan wa ya sauka.